Takardar Albashin Baldomero

Shekara talatin da biyu Baldomero Lucena ya yi yana gyaran famfo a garinmu, kuma a cikinsu bai taɓa rubuta wa kowa rasit ba. Ɗan gwaggona ne, uwarsa da ubana ciki ɗaya suka fito, don haka ba wanda zai ce ƙage nake masa. Ni ce Remedios mai shagon kofi na bakin dandali, kuma tun mijina yana raye teburin kusa da ƙofa na Baldo ne. Ƙarfe tara da rabi yake shigowa, lokacin da masu aikin kirki sun yi awa uku a gonakin zaitun. Ya ce a gasa masa burodi a zuba mai da tumatir, ya miƙe ƙafa yadda duk mai shigowa sai ya tsallake shi, sannan ya buɗe baki.

Maganar tasa guda ce, kaya kawai yake canza mata.

"Ni gwamnati ba ta san da zamana ba. Ku je Madrid ku tambaya wane ne Baldomero. Ko layi ɗaya ba su da shi a kaina."

Aikin dai ya iya, wannan ba zan hana shi ba. Ya san hanyar kowane bututu a garin nan fiye da yadda ya san hanyar coci. Amma in famfonka ya fashe ranar Litinin, ka tanadi bokiti har Alhamis. In ya zo ya gama, sai ya goge hannu a wando ya ce, "Da takarda ko ba takarda?" Ba shi da takardar ma, tambayar ado ce. Kowa ya ce ba takarda, don ta fi araha, a miƙa masa a hannu, a rabu ana dariya. Motarsa fara ce fes, ba suna a jiki, ba lambar waya.

Wanda ya fi shan ba'arsa shi ne Anselmo, mijin yayarsa Encarna, mai kula da ma'aikata a injin matsar zaitun na ƙungiyar manoma. Mutum ne mai shiru, kullum kafin shida ya fita. Baldo ya sa masa suna Bawan Agogo, sunan kuma ya bi shi.

"Mijin yaya, nawa suka yanka maka wannan watan? Kai wata huɗu kake yi wa gwamnati, takwas ka yi wa kanka. Ni duk goma sha biyun nawa ne."

Anselmo ya sha kofinsa a tsaye, ya biya, ya fita. Shekara da shekaru haka.

Har ya kai hamsin Baldo yana gidan uwarsa, Gwaggo Casilda, a ɗakinsa na ƙuruciya. Ita ke dafa masa, ita ke masa wanki. Da ta faɗi a banɗaki ta karya ƙugu, sai Encarna ta samo wata 'yar Bolibiya mai suna Nélida ta zauna da ita. Gajeriya ce mai ƙarfin hannu, shekarunta arba'in da ɗoriya, ba ta da yawan magana. Ba ta da takardun zama, kamar yawancin matan da ke kula mana da tsofaffi a lokacin. Shekara huɗu ta yi tana ɗaga gwaggo tana kwantarwa, tana mata wanka, tana ba ta abinci a baki. Da yake tukunya ɗaya ce, Baldo ma ya ci. Da yake injin wanki ɗaya ne, rigunansa ma suka shiga.

Gwaggo ta rasu a watan Maris. Bayan wata biyu Nélida ta haɗa kayanta ta koma ƙasarsu, inda ta bar 'yarta a hannun uwarta.

Sai muka ga Baldo ya canza. Riga ɗaya kwana biyar. Ya fara zuwa shagona da rana yana cin abincin da a da yake cewa na 'yan aikin gini ne. Ya daina miƙe ƙafa a hanya. Na ce wa Encarna wannan ba so ba ne, yunwa ce, kuma har yau ina ganin rabin gaskiya na faɗa. Amma wata rana da la'asar na gan shi zaune a mota bayan coci, waya a kunne, bai ce uffan ba har na je wajen mai kifi na dawo. Tun muna yara ban taɓa ganin Baldo yana sauraron wani mahaluki ba.

Bayan shekara ɗaya ya sayi kwat, ya hau jirgin sama karo na farko a rayuwarsa, ya dawo bayan sati uku da zobe a yatsa, da hotuna a waya, da ciwon ciki. An ɗaura musu aure da Nélida a Cochabamba, can Bolibiya. Amarya kuwa tana can, sai an yi mata biza.

"Sati shida," in ji shi. "Ni ɗan ƙasa ne, ita matata ce. Wa zai hana?"

Rajistar auren kaɗai ta ci wata takwas. Da ta fito aka ce sai ango ya je ofishin baƙi a babban birnin lardi, ya nuna yana da aikin yi da abin da zai riƙe mata. Na raka shi, don ranar ina da ganin likitan gwiwa a can, kuma don Baldo ba ya ganin ƙananan rubutu, ga shi ya rantse ba zai sa tabarau ba. Ya sa kwat ɗin auren, ya matse wata jakar leda a hammata, ko a cikin bas bai ajiye ta ba.

Awa biyu muka yi a benci tsakanin 'yan Maroko da 'yan Senegal masu tsinkar zaitun, kowa da jakar takardunsa a cinya, a tsare tsaf. Baldo yana kallon su yana raɗa min, "Dubi wahala, Reme. Ni minti biyar zan yi."

Ma'aikaciyar da muka samu mace ce mai furfura, tabarau rataye a wuya.

"Wane aiki kake yi, Don Baldomero?"

"Gyaran famfo. Shekara talatin da biyu."

"A wane kamfani?"

"Ni ne kamfanin."

"To madalla. Kawo takardar rajistarka ta mai zaman kansa, da ta harajin bara."

Baldo ya yi murmushin nan da yake wa matan gari in zai ƙara musu farashi. "Ranki ya daɗe, mu a ƙauye ba mu saba da wannan ba. Da amana muke aiki."

Ta karɓi katin shaidarsa ta buga lambar a kwamfuta. Ta jima tana kallo, ta sa tabarau, ta sake kallo.

"Kwana goma sha ɗaya," in ji ta.

"Na me?"

"Abin da ke nan ke nan. Ka yi aikin kwana goma sha ɗaya a masana'antar bulo kana da shekara goma sha tara. Daga nan babu komai."

"Shugaban leburorin ne ya zage ni," in ji Baldo. Ya juyo ya kalle ni da alfahari a fuska, kamar wanda aka karanta wa yabo.

Sannan ya buɗe ledar ya fito da gwangwanin biskit na gwaggo, ya ɗora a tebur, ya ɗaga murfi. Kuɗi ne a ɗaure da roba, wasu sun yi laushi don danshi, suna warin man inji.

"Ga albashina."

Matar ko leƙawa ba ta yi ba. "Rufe wannan, don Allah. Ban gani ba, kuma in kana son kanka kar ka nuna wa kowa a ginin nan, ofishin haraji yana hawa na biyu. Ba kuɗi nake tambaya ba. Ina tambayar daga ina suke zuwa, kuma me zai tabbatar min wata mai zuwa ma za su zo. Ko takardar ɗaukar aiki da ta albashi, ko rajista da haraji. Ɗaya daga ciki."

"Amma ni ɗan ƙasa ne."

"Ban musa ba. Mutumin da ya tashi daga kujerar nan kafin kai, shekararsa biyar a ƙasar, kuma na san duk ranar da ya fita gona. Kai shekararka hamsin da shida, ban san me kake ci ba."

A cikin bas na ce ya kai gwangwanin banki. Ya ce banki ma za su tambaya daga ina. Da muka wuce garuruwa biyu, sai ya dafa min gwiwar da likita ya gama matsawa ya ce ya samo dabara. Ai gari duka sun san shi. Gari zai yi masa shaida.

Washegari ya sayi littafi mai kauri, ya sa na rubuta masa a shafin farko cewa mu da muka sa hannu a ƙasa mun shaida Baldomero Lucena yana yi mana aikin famfo muna biyan sa. Ya fara da Don Evaristo mai kantin magani, wanda ya ja wa ruwa tun daga rijiya har tafkin wanka a gidansa na gona.

Don Evaristo ya karanta sau biyu ya mayar masa. "Baldo, ka san ina ƙaunarka. Amma in na sa hannu a nan, na ce na biya ka ba rasit ke nan. So kake su zo su zazzage min kanti?"

"Amma na yi maka aikin."

"Wane aiki?" in ji Don Evaristo, ya juya ga matar da ke bayan Baldo ya tambaye ta tarin mijinta.

Kansila ya ce ya dawo gobe, goben kuma aka ce ya yi tafiya. Fada ya ce zai sa shi a addu'a, gyaran famfon coci kuwa shi a saninsa sadaka ce. Mutanen da suka shekara talatin suna dariyar "da takarda ko ba takarda" duk suka zama masu mantuwa. Sati biyu yana yawo, hannu uku ya samu: zawarawa biyu, da wani tsoho kurma da ya zaci takardar neman gyaran hanya ce. Ni ma ban sa ba. Ni na rubuta masa kan shafin, amma da ya miƙo min biro sai na tuna madara tana kan wuta.

Wani mai hankali da a nan ya tsaya ya nemi aiki. Baldo kuwa sai ya saurari wani abokin wasan katinsa, wanda ya ce akwai wani mutum a bakin teku mai kamfanin gini, in ka biya shi zai rubuta ka a cikin ma'aikatansa. Baldo ya ɗebi abin da ya ɗeba a gwangwani, ya tuƙa motarsa awa uku, ya dawo da kwantiragi mai hatimi. Duk ƙarshen wata kuma takardar albashi ta zo masa a ambulan, wai shi ne shugaban masu aikin famfo a wani otal da ake ginawa. Ya baje min su a kan teburin da nake yanka burodi.

"Kin gani? Takarda suke so, ga takarda."

Na ce, "To ta yaya kake aiki a bakin teku, alhali kullum kana nan ka tare min ƙofa?"

"Kwamfuta ba ta zuwa shan kofi nan."

Ya tara takardun uku ya kai ofishin baƙi. Bayan wata huɗu wasiƙa ta zo. Kamfanin yana da ma'aikata tamanin da wani abu a takarda, amma ko shebur ɗaya ba shi da shi, otal ɗin kuma fili ne da awaki ke kiwo. An kama mai shi. Aka yi watsi da buƙatar Baldo, aka kira shi wajen 'yan sanda ya yi bayani, ya ɗauki lauya, aka ci shi tara. Gwangwanin biskit ya koma mara nauyi.

A shagona ya kira Nélida ya gaya mata, da rana bayan mutane sun watse. Bai iya rage sautin wayar ba, kuma ni ban ga dalilin shiga kicin ba.

Ta saurare shi har ya gama ɗora laifi a kan abokin kati, da mai kamfani, da gwamnati. Sannan ta ce, "Baldomero, a shekarata ta uku a gidanku na kawo maka wata takarda. Ka tuna?"

Ba ta jira shi ba, ta ci gaba.

"Lauyan da ke taimaka mana a coci ya ce wadda ta yi shekara uku a ƙasar, in mai gida ya sa mata hannu a kwantiragin aiki, za a iya ba ta izinin zama. Na ajiye maka ita kusa da farantinka. Me ka ce?"

"Nélida, wannan ai ya wuce."

"Cewa ka yi kai ba ka sa hannu a takardar gwamnati, ko ta waye. Ka ɗora kofi a kanta. Da ka sa, da na zo na ga 'yata na koma da ƙafata, ba mai tambayar ka albashi. Bai wuce ba, ga ni nan zaune a cikinsa."

"Na yi iya ƙoƙarina."

"Ka yi komai ban da abin da aka ce ka yi. Na aure ka ina sane da halinka, ba zan ce an yaudare ni ba. Amma na ba ka zuwa girbin zaitun na baɗi. Ka nemi aiki irin na mutane. In ba za ka iya ba, ka aiko min takardar rabuwa, ita ma dai sai ka sa hannu."

Ban san labarin takardar nan ba sai ranar, Encarna ma haka. Da na gaya mata, ta je gidan ta kwaso rigunansa da ta karɓa za ta wanke, ta zube masa su a bakin ƙofa yadda suke, ta yi wata guda ba ta gaishe shi ba.

Sai da ya ƙara kwana goma yana zagaye kafin ya je wajen Anselmo. Encarna ce ta ba ni labarin yadda aka yi, bayan ta huce. Anselmo ya bar shi a tsakar gidan injin kusan awa ɗaya, cikin warin tukar zaitun, kafin ya kira shi ofis.

"Mijin yaya, taimako nake nema. Ka rubuta ni cikin ma'aikata, a takarda kawai. Abin da za a yanka wa gwamnati, ni zan riƙa kawo maka duk wata."

"Ka gama?" in ji Anselmo. "A nan duk wanda ke takarda yana tsakar gida. Akwai gurbin lebura ɗaya. Wanke tankuna, share ƙasa, kwashe tuka. Shida na safe. Akwai kati a bakin ƙofa, ana sa shi a na'ura."

"Lebura? Ni da na san kowane bututu a injin nan? Ka ba ni gyara mana."

"Gyara sai mai takardar shaida. Kana da ita?"

Ba shi da ita. Wa zai ba shi, tunda bai taɓa zama an gwada shi ba.

"Litinin," in ji Anselmo. "In ka makara sau uku, ba ni zan kore ka ba, na'urar ce."

Anselmo bai tuna masa komai ba. Encarna ta ce dai ranar faranti biyu ya ci, kuma ta ji shi yana 'yar waƙa a banɗaki.

Satin farko Baldo yana zuwa shagona ƙarfe uku na rana, baƙar tuka har cikin kunne, kofi ma da hannu biyu yake ɗauka. Na ɗan tausaya masa, ba da yawa ba. Na yi caca da Encarna a kan kwalbar giya cewa ba zai cika wata ba, kuma ita ta sha. Tumbinsa ya zube, wandonsa ya koma sai da igiya, amma bai bari ba. Ranar da ya kusa makara na biyu, an gan shi yana gudu a titin makabarta da takalmi ɗaya a hannu. Wannan na ba shi, don gaskiya ce.

Ƙarshen wata ya shigo da takardar albashinsa ta gaske, ta farko tun yana ɗan shekara goma sha tara. Ya ciro tabarau daga aljihu, wanda ya saya a ɓoye wajen Don Evaristo, ya karanta mana abin da aka yanka layi-layi.

"Fashi ne da rana tsaka," in ji shi. "Wannan na fansho, wannan na asibiti, wannan ban ma san na mene ne ba."

Duk da haka ya sa ta a leda mai haske, ya hana kowa taɓawa da hannun mai.

Kafin takardar albashi ta huɗu ta zo, mutumin ya zama mai wa'azi. Akwai wani Toribio da ya gaji masu kiran Baldo gyara, shi ma da farar mota ba suna. Yana shigowa Baldo zai ajiye kofi.

"Kai Toribio, rasit nawa ka rubuta wannan watan? Irinku ne kuka sa asibiti ba gado. Ni nake saya wa uwarka magani, ka sani?"

"Haba Baldo, ai kai ka koya min."

"Lokacin ban waye ba."

Ya fara neman rasit a kan kofi ɗaya a shagona. Ya ce wa kansila in ba a gyara fitilar titinsu ba zai rubuta takarda, tunda da harajinsa ake biyan sa. Wata huɗu ke nan da fara biyan harajin.

Da takardun suka cika shida ya koma ofishin shi kaɗai, da jaka mai aljihu-aljihu da ya saya musamman. Aka karɓa. Wata biyar ya yi yana tare mai kawo wasiƙu a hanya, har mutumin ya fara canza titi. Nélida ta sauka a watan Oktoba, saura sati uku a fara girbi, shekara biyu da wata huɗu bayan ɗaurin auren. Ta ɗan yi furfura, da akwati ɗaya da jakar hannu.

Ranar Lahadi Encarna ta dafa shinkafa da naman zomo, muka taru a gidanta. Ana cikin ci Baldo ya miƙe da kofin giya a hannu, ya buga cokali a jiki, ya ce yana da magana. Ya gode wa mijin yaya. Ya ce an cimma buri, an nuna wa gwamnati iyakarta, don haka ƙarshen wata zai mayar da rigar aiki ya koma mutum mai 'yanci.

Nélida tana yanka burodi, ba ta ɗago ba. "Zauna, Baldomero."

"Ban gama ba."

"Ka gama. Jiya na je gidan tsofaffi na yi magana da shugabar, da zarar katina na zama ya fito zan fara, da kwantiragi. Kuma zan kawo Maribel." Maribel ita ce 'yar tata, lokacin tana da shekara goma sha bakwai. "In mun zama mu uku, albashi ɗaya ba zai ishi ofishin ba. Biyu za mu nuna."

"Ba a yi shawara da ni ba."

"Yanzu ake yi."

Baldo ya juya wajen Anselmo yana neman agaji. Anselmo ya goge baki a hankali ya ce, "Tunda ana maganar, fansho sai mutum ya cika shekara goma sha biyar yana biya. Ka yi wata goma sha ɗaya."

Na ga leɓen Baldo yana motsi yana lissafi. Sai ya kai shekara saba'in da ɗaya ke nan. Ya zauna da kofin a hannu, bai sha ba, Encarna kuma ta ƙara masa shinkafa ba tare da ta tambaye shi ba.

Shekara uku ke nan da wannan. Maribel ta zo, tana birni tana karatun jinya. Baldo yana injin har yanzu. Ya zauna jarrabawar takardar shaidar gyaran famfo, ya faɗi a ɓangaren rubutu, ya ce masu tambayar ba su taɓa riƙe sifana ba, ya sake zama ya ci da ƙyar. Ya sa takardar a gilashi ya rataye a falo, daidai inda hoton gwaggo yake, hoton kuma ya mayar da shi lungun hanyar banɗaki. Nélida ta dawo da hoton falon a ranar, takardar ta koma saman firji.

Kwanan baya Nélida ta shigo sayen burodi kafin ta tafi aiki, shagon ba kowa, sai na tambaye ta abin da ya daɗe yana cina. Na ce mace mai hankali irinta, me ta gani a ɗan gwaggon nan nawa.

Ta yi tunani kamar an tambaye ta kuɗin wani abu. Ta ce a watannin ƙarshe na gwaggo, da rana in gari ya yi barci, yakan shiga ɗakin ya zauna a ƙasa yana matsa mata ƙafafu, yana zaton ba mai ganin sa. In ya ji motsi sai ya tashi ya ce bututun ɗumama ɗaki yake dubawa.

"Kuma ba ya duka, ba ya buguwa," in ji ta. "Mijina na farko duk biyun yake yi."

Na ce ai wannan bai kai a jira mutum shekara uku ba. Ta ce ita ma wata rana haka take gani. Ta biya, ta sa burodin a jaka, ta tsaya a bakin ƙofa ta ce kar in ƙara ba shi soyayyen nama, likita ya hana. Ina ba shi dai, in ya biya.